Lokacin da Google ya binciki masu yi masa tantancewar ma'aikata

A watan Yulin 2004 wani allon talla ya bayyana a bakin babbar hanya mai lamba 101, wadda ta ratsa yankin kamfanonin fasaha na jihar Kalifoniya a Amurka. Babu sunan kamfani a jikinsa, babu hoton kaya, babu lambar waya. Tambayar lissafi ce kawai: a cikin jerin alƙaluman wata sananniyar lamba da masana lissafi ke kira e, a nemo lamba ta farko mai alƙaluma goma wadda ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya. Wanda ya samo amsar, wato 7427466391, ya liƙa mata .com a baya, sai ya tsinci kansa a wani shafin intanet inda wata tambayar da ta fi ta farko wuya ke jiransa. In ya haye wannan ma, sai a gaya masa cewa Google ne ke neman injiniyoyi, ya turo takardunsa.

Dabarar ta burge jama'a, jaridu suka yi ta yayata ta. Bayan shekaru, Laszlo Bock, wanda ya shugabanci sashen kula da ma'aikata na kamfanin daga 2006 zuwa 2016, ya bayyana cewa ko mutum ɗaya ba a ɗauka aiki ta wannan hanya ba.

Wannan allo ya nuna irin tunanin da kamfanin yake da shi a lokacin: in kana neman mai iya warware matsala, ka ba shi tambaya mai rikitarwa ka ga ko zai kwance ta. Tunani ne da yake da kama da gaskiya, kuma har yau ma'aikatu da yawa a kansa suke. Abin da ya bambanta labarin Google shi ne kamfanin ya dawo ya auna ko tunanin ya biya, ya kuma faɗi abin da ya gani a bainar jama'a ko da yake bai yi masa daɗi ba.

Yadda ake yi kafin a gyara

Larry Page da Sergey Brin sun kafa Google a 1998 suna ɗaliban jami'ar Stanford, kuma sun shigo da halin jami'a cikin ɗaukar ma'aikata. Ana tambayar mai neman aiki sakamakon jarrabawarsa ta jami'a da ta shiga jami'a, ko da ya shekara goma sha da gamawa. Ana fifita 'yan manyan makarantu. A ɗakin ganawa kuma ana jefa masa kacici-kacici, al'adar da kamfanin Microsoft ya shahara da ita tun a shekarun 1990, inda tambayarsa da ta fi yin suna ita ce me ya sa ake yin murfin ramin magudanar ruwa a kewaye ba mai kusurwa huɗu ba. A Google an yi ta tambayar irin su: ƙwallon golf nawa zai cika jirgin sama? Gidajen mai nawa ne a Manhattan, wani yanki na birnin New York?

Ga kuma yawan ganawar. Mutum ɗaya yana iya zama gaban masu tantancewa fiye da goma, wani ma har sama da ashirin, ɗaya bayan ɗaya, a cikin watanni uku zuwa shida. Kowane mai tantancewa da tambayoyin da ya ga dama, da ma'aunin da ya riƙe a cikin kansa. Hujjar kamfanin ita ce ɗaukar wanda bai dace ba ya fi rasa wanda ya dace tsada, don haka gara a yi ta tacewa.

Amma kamfanin na girma da gudu. A ƙarshen 2004 ma'aikatansa dubu uku ne da 'yan kai, a ƙarshen 2006 sun haura dubu goma, zuwa 2015 sun wuce dubu sittin. Takardun neman aiki kuwa sun kai sama da miliyan biyu a shekara. Injiniyoyin da aka ɗauka don su gina manhaja sai suka koma suna ƙarar da sa'o'i masu yawa kowane mako a ɗakin ganawa. Dole aka tsaya aka yi tambayar da ya kamata a yi tun farko: duk wannan wahalar, tana fito mana da mutanen kirki kuwa?

Abin da binciken ya nuna

Kamfanin yana da abin da yawancin ma'aikatu ba su da shi, wato ya ajiye makin da kowane mai tantancewa ya ba kowane mai neman aiki, ya kuma ajiye sakamakon aikin waɗanda aka ɗauka. Sai aka jera biyun gefe da gefe. A wata hira da ya yi da jaridar New York Times a watan Yunin 2013, Bock ya ce sun duba dubun dubatar ganawa, suka kwatanta makin da aka bayar da yadda mutumin ya kasance a bakin aiki, ba su ga wata alaƙa ba ko kaɗan. Mutum ɗaya tak ya fita daban, shi ma don kuwa a wani ƙaramin fanni da ya ƙware a kai fiye da kowa kawai yake tantance mutane.

A kan kacici-kacici kuwa bai rage komai ba. Ya ce ɓata lokaci ne zalla, ba ya hasashen komai, babban amfaninsa shi ne mai tambayar ya ji kansa mai wayo. Sakamakon jarrabawar jami'a ma ya ce ba ya nuna komai, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba ga waɗanda suka gama karatu kwanan nan. Ya ƙara da cewa a wasu sassan kamfanin har kashi 14 cikin 100 na ma'aikata ba su taɓa shiga jami'a ba.

A tuna su wa ake magana a kai. Ba malalata ba ne, ba kuma marasa ilimi ba. Mutane ne masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka ɗauki aikin tantancewar da muhimmanci, kowannensu kuma ya tabbata a ransa cewa yana da idon gane mutum. Wannan tabbacin shi ne tushen matsalar, kuma ba a Google ya fara ba.

A shekarar 2000, ɗalibai biyu a jami'ar Toledo ta jihar Ohio, Tricia Prickett da Neha Gada-Jain, tare da malaminsu Frank Bernieri, sun ɗauki bidiyon ganawar neman aiki, suka yanko farkonta kawai: daga ƙwanƙwasa ƙofa, da gaisuwa, zuwa daƙiƙa goma bayan mutum ya zauna. Suka nuna wa wasu da ba su ga sauran ganawar ba, suka ce su ba da maki. A abubuwa tara cikin goma sha ɗaya da aka auna, hukuncin waɗanda suka ga gaisuwa kawai ya karkata ga inda na waɗanda suka yi cikakkiyar ganawar ya karkata. Ma'ana, mai tantancewa yakan yanke hukunci tun mutum bai gama gyara zama ba, sauran lokacin kuma sai ya ƙare shi yana tattara hujjar da za ta gaskata abin da ya riga ya raya. In ya ji mutumin ya kwanta masa, sai ya sassauta tambaya. In bai kwanta masa ba, sai ya tsaurara.

Akwai kuma abin da ya faru a makarantar koyon likitanci ta jami'ar Texas da ke Houston a 1979. An riga an zaɓi ɗalibai 150 bayan ganawa, sai majalisar jihar ta ce a ƙara 50. A lokacin waɗanda suka rage ba su samu gurbi a wani wuri ba su ne waɗanda masu ganawar suka ba maki na can ƙasa. Aka ɗauke su a kan dole. Da aka bi sawunsu daga baya, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu da zaɓaɓɓun farko, a aji ko a asibiti.

Shi kacici-kacici yana da nasa aibin na musamman. Yawanci amsarsa dabara ɗaya ce: wanda ya taɓa jin ta ya wuce, wanda bai taɓa ji ba ya makale, kuma ana sayar da littattafan da suka tara irin waɗannan tambayoyi da amsoshinsu. Abin da ake aunawa a ƙarshe shi ne wa ya yi bita, wa kuma ba ya rikicewa in an zuba masa ido. Matsalar wurin aiki ba haka take zuwa ba. Tana zuwa ne babu wanda ya tsara ta, bayanai ba su cika ba, mutanen da za ka yi aiki da su ba su yarda da juna ba, kuma sai ka fara gano mene ne ainihin matsalar kafin maganar warwarewa. Wani bincike da Scott Highhouse da abokan aikinsa suka wallafa daga baya ya ma nuna cewa masu sha'awar jefa irin waɗannan tambayoyi sun fi karkata ga ji da kai da rashin damuwa da halin da wani ya shiga. Ban ce duk mai yin su haka yake ba, amma duk wanda ya taɓa zama a kujerar mai neman aiki ya san yadda ake ji in mai tambaya yana murmushi yana jiran ka faɗi.

Gyaran da aka yi

Maganin da Google ya koma gare shi ba sabo ba ne. Tun 1998, shekarar da aka kafa kamfanin, Frank Schmidt da John Hunter sun wallafa nazarin da ya tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyi 19 na zaɓen ma'aikata. Ganawar da ba ta da tsari tana bayyana kusan kashi 14 cikin 100 na bambancin ƙwazon ma'aikata. Tambayar tsofaffin iyayen gida, kashi 7. Yawan shekarun aiki, abin da ake ta rubutawa a sanarwar neman ma'aikata, kashi 3 kacal. Waɗanda suka fi su ne gwajin aiki na zahiri, wato a ba mutum wani yanki na aikin da zai riƙa yi a ga yadda zai yi, da kashi 29, sai gwajin fahimta da kuma ganawa mai tsari, kowanne kashi 26.

Ganawa mai tsari abu uku ce. Duk masu neman kujera ɗaya, tambayoyi iri ɗaya za a yi musu. Tambayoyin daga aikin aka ciro su. Kuma tun kafin kowa ya shigo an rubuta yadda amsa mai rauni take, da matsakaiciya, da mai kyau, da wadda ta yi fice. In ba haka ba, abin ya zama kamar mai awon hatsi da ke sauya mudu ga kowane mai saye, sannan ya zo yana kwatanta wa ya fi samun cika.

Kamfanin ya ware abubuwa huɗu da yake nema: iya tunani da koyon sabon abu, jagoranci, dacewa da halin aikin wurin, da sanin aikin kansa. Ya gina wata manhaja ta cikin gida mai suna qDroid, inda mai tantancewa zai zaɓi irin kujerar da halayen da zai auna, ta fito masa da tambayoyi da ma'aunin maki. Tambayoyin iri biyu ne: na abin da ya riga ya faru, masu farawa da "ba ni labarin wani lokaci da", da na ƙaddarawa, masu farawa da "a ce kana wannan aiki sai kaza ya faru".

Misalin da Bock ya bayar na auna warware matsala ba shi da wani ado: ba ni misalin lokacin da ka warware wata matsala mai wuyar nazari. Ya ce abu biyu ake samu daga amsar. Ana ganin yadda mutumin ya yi a wani hali na gaske, ana kuma gane me shi yake ɗauka a matsayin abu mai wuya. Wannan na biyun ni a wurina ya fi daraja. Wanda babbar matsalar da ya iya tunowa ita ce ranar da firinta ta ƙi aiki ya riga ya faɗi iyakarsa da bakinsa.

Masu tantancewa da yawa sun yi ƙorafi cewa tambayoyin ba su da armashi. Amsar da aka ba su ita ce ba tambayar ake so ta burge ba, amsar ake so ta burge. Kuma aikin gaskiya yana cikin tambayoyin da ke biyo baya. Bari in ƙaddara misali. Ana neman mai kula da rarraba kaya, wata mata ta zauna, aka yi mata waccan tambayar. Ta ce a inda ta yi aiki kaya suna yawan makara wajen isa ga masu saye, amma sun yi ƙoƙari sun gyara. In aka tsaya nan, ba a ji komai ba. Sai mai tambayar ya ce: "Da kika ce kun gyara, ke me kika yi da hannunki?" Ta ce ta ɗauko takardun fitar kaya na wata uku ta jera su. "Me ya sa kika fara da takardu, ba ki fara da direbobi ba?" Ta ce kowa direbobi yake zargi, ita kuma ta lura ko direban da ya fi kowa sauri kayansa na makara ranar Litinin. "Sai kika ga me?" Ta ga odar Asabar da Lahadi ba a shigar da ita sai Litinin da hantsi, motoci kuwa da sassafe suke tashi. "Wace mafita kika yi tunani kika bari, kuma don me?" Ta ce ta so a ɗauki ƙarin ma'aikaci, ta ga ba za a ba da kuɗin ba, sai ta nemi a mayar da aikin mutum ɗaya zuwa yammacin Lahadi a ba shi hutun Talata. "Yaya kika san ya yi aiki?"

Kafin a kai tambaya ta biyar, wanda ya ari labarin wani ya fara inda-inda, domin bai san abin da aka yi tunani aka watsar ba, bai san wa ya ƙi yarda ba, bai san lambar da aka fara da ita ba. Wadda ta yi aikin kuwa sai ƙara buɗewa take yi, har ta gyara wa mai tambaya in ya fahimce ta a karkace. Mai tantancewa yana rubuta abin da ta faɗa kalma da kalma gwargwadon iko, ba "ta burge ni" ba, sannan ya ɗora amsar a kan ma'auni: ta gane ainihin matsalar? Ta nemo bayani ko zato ta bi? Ta auna mafita fiye da ɗaya? Ta duba sakamako?

Auna naci

Himmar kai aiki gaci ta fi wuyar aunawa, domin ita ce kowa ya iya kwaikwayo na rabin sa'a. Mai ɗaga murya, mai cewa ba ya barci sai ya gama aiki, mai zuba alkawari, shi ne ke cin ganawar da ba ta da tsari. Mai sanyin magana wanda ya shekara biyu yana bin abu ɗaya har ya tabbata sai a ce ba shi da kuzari.

Ɗaya daga cikin tambayoyin da Bock ya wallafa a 2015 a matsayin misali ita ce: ba ni labarin lokacin da ka jagoranci abokan aikinka kuka cimma wani buri. Masu bin ta kuma: mene ne aka sa muku a gaba ku cimma, yaya kuka cimma shi, kai a karan kanka da kuma ku a tare? Yaya ka sauya salonka ga mutane daban-daban? Me ka koya? Duk cikinsu babu mai tambayar mutum ko yana da himma. Sawun himmar ake nema. Wanda ya damu da sakamako yakan tuna inda aka fara da inda aka ƙare, ya tuna ranar da abin ya kusa rushewa da abin da ya yi a ranar, ya kuma san abin da ya faru da aikin bayan ya bar wurin, don ya ci gaba da tambaya.

Jagorancin da kamfanin ya ce yana nema ba na muƙami ba ne. Kamar yadda Bock ya bayyana wa marubuci Thomas Friedman a 2014, ba su damu da ko ka taɓa zama shugaban wata ƙungiya a makaranta ba. Abin da suke dubawa shi ne, in matsala ta taso kana ɗaya daga cikin ma'aikata, kana tashi ka kama ta a lokacin da ya dace? Kuma in wani ya fi ka sanin mataki na gaba, kana iya ja da baya ka bar masa? Ya kuma yi wata magana da na ga ta shafi naci kai tsaye: masu hazaƙar da ba su taɓa faɗuwa ba ba su koyi yadda ake ɗaukar darasi daga faɗuwa ba, in abu ya yi kyau su ce basirarsu ce, in ya lalace su ce laifin wani ne ko ba a ba su kayan aiki ba. Shi ya sa tambaya a kan aikin da bai yi nasara ba take da amfani. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A saurari wanda mutum yake ɗora wa laifi, a kuma saurari ko akwai abin da ya sake gwadawa washegari.

An rage ganawa, an karɓe wuƙa daga hannun manaja

Wani manazarci a sashen ma'aikata, Todd Carlisle, ya duba ko ganawa nawa ake bukata kafin ƙari ya daina amfani. Ya gano cewa matsakaicin makin mutum huɗu ya isa a yi hasashen hukuncin ƙarshe da tabbacin kashi 86 cikin 100, kowace ganawa bayan ta huɗu kuma abin da take ƙarawa bai wuce kashi 1 ba. Sai aka kafa dokar huɗu. Tsawon lokacin ɗaukar mutum ya sauko zuwa kimanin kwana 47. Kamfanin ya kuma ce shiryayyun tambayoyi suna rage wa mai tantancewa kusan minti 40 a kowace ganawa, kuma waɗanda aka ƙi ɗauka bayan ganawa mai tsari sun fi gamsuwa da yadda aka yi da su da kashi 35 cikin 100 a kan waɗanda aka ƙi bayan marar tsari. Wannan adadi na ƙarshe ya taɓa ni. Mutum yana iya haƙuri da rashin samu in ya ga an saurare shi da gaske, an kuma auna shi da abin da aka auna kowa.

Mataki mafi ɗaci ga manyan ma'aikata shi ne manaja ba shi da ikon ɗaukar mutum shi kaɗai. Rubutaccen rahoton masu tantancewa yana zuwa gaban kwamitin da bai ga mai neman aikin ba, ba kuma shi ke cikin matsin neman wanda zai cike gurbin ba. Cikin masu ganawar akan sa wanda zai kasance a ƙarƙashin mutumin, da wani daga sashen da ba ruwansa da kujerar. Shekaru da dama Larry Page da kansa yana duba jerin waɗanda za a ba aiki kafin a aika musu. Dalilin a bayyane yake: manajan da aiki ya yi wa yawa zai karɓi duk wanda ya samu, kuma kowa yana da aboki ko ɗan'uwa da yake so ya taimaka.

A nan ne labarin ya fi kusa da mu. Mai makaranta ko mai kantin magani ko shugaban wata ƙungiya da zai ɗauki mutum uku a shekara ba shi da dubun dubatar bayanai, amma ba ya bukatarsu. Takarda ɗaya ta isa: tambayoyi huɗu ko biyar da aka ciro daga aikin, bayanin amsa mai kyau da mai rauni a ƙarƙashin kowace, mutum biyu ko uku su zauna, kowa ya rubuta makinsa kafin ya ji na wani, musamman kafin ya ji na maigida. Ba kuɗi ne ke hana wannan ba. Abin da ke hanawa shi ne sai babba ya yarda cewa idonsa na iya ruɗinsa, sai kuma ya iya ce wa wanda ya aiko masa da yaro don alfarma cewa takardar ce za ta yanke.

Inda tsarin bai kai ba

Ba daidai ba ne a ba da labarin kamar an gyara komai. Bock da kansa ya amince a 2015 cewa har lokacin wasu ma'aikatan na ci gaba da jefa kacici-kacici, abin da manya ke yi kawai shi ne su yi watsi da amsoshin in rahoto ya zo gabansu. Hana al'ada a takarda daban, cire ta daga zukatan mutane daban.

A ɓangaren injiniyoyi kuma, tambayoyin rubuta manhaja a kan farin allo sun gaji wani abu na halin kacici-kacicin. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiro manhajar Homebrew da ɗimbin masu rubuta manhaja ke amfani da ita, ya rubuta a Twitter cewa Google ya ƙi ɗaukarsa don ya kasa warware wata tambayar ajin kwamfuta a kan allo, alhali injiniyoyin kamfanin na amfani da abin da ya gina. Maganar ta yaɗu ne don ta taɓa inda ke yi wa mutane da yawa ƙaiƙayi: ga wanda ya nuna naci da sakamako a fili, duniya na gani, amma ma'aunin bai da gurbin da zai sa wannan. Har yau masu neman irin wannan aiki kan shafe watanni suna haddar nau'o'in tambayoyi, abin da aka ce an gudu daga gare shi.

Tsari kuma bai kawar da zargin wariya ba. A 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 11 don sasanta ƙarar mutum 227 masu shekara arba'in zuwa sama da suka ce an ƙi ɗaukarsu saboda shekaru, ko da yake bai amsa laifi ba. Ma'auni irin "dacewa da halin wurin" ƙofa ce da son rai ke iya sake shigowa ta cikinta, domin mutum yakan ga wanda ya yi kama da shi a matsayin wanda ya dace.

Su ma alƙaluman 1998 an sake duba su. A 2022 Paul Sackett na jami'ar Minnesota da abokan aikinsa sun nuna cewa an kumbura wasu daga cikinsu wajen lissafi. Bayan gyara, gwajin fahimta ya sauko sosai, ganawa mai tsari ta hau kan gaba, amma ita ma adadinta ya ragu. Ko hanyar da ta fi kowace kyau ƙaramin kaso take iya hangowa na yadda mutum zai kasance. Saura ya rataya ne a kan wanda zai shugabance shi, da abokan aikinsa, da abin da rayuwa ta zo masa da shi.

Akwai kuma giɓin da ke cikin binciken kamfanin tun asali: waɗanda aka ɗauka kawai ake iya bin sawunsu. Wanda aka ƙi ya tafi, ba wanda ya san abin da zai zama da an ba shi dama. Google ya ɗan leƙa wannan giɓi. A 2010 ya sake tace takardun injiniyoyi 300,000 da aka taɓa ƙi, ta hanyar kwatanta su da takardun ma'aikatansa na lokacin, ya ware 10,000 aka sake dubawa da ido, aka ɗauki 150. Kashi ɗaya da rabi ke nan cikin 100 na waɗanda aka sake dubawa, a kamfanin da a lokacin yake ɗaukar kusan mutum ɗaya cikin kowane 400 da suka nema.